Zafin Tafin Ƙafa Ga Mai Ɗauke Da Cutar Ƙanjamau: Shaidar Jini Da Shaidar Ƙafa

 

A wannan watan zan taɓo wata lalura da ke hana mata da yawa barci a ƙasar Yauri, amma kunya da tsoron bakin mutane suka hana a yi maganarta a fili. Lalurar ita ce lalacewar jijiyoyin ƙafa ga wadda ke ɗauke da ƙwayar cutar HIV, wato cutar nan mai karya garkuwar jiki da muka fi sani da ƙanjamau. Kada ki ce wannan bai shafe ki ba ki buɗe shafi na gaba. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita a Nijeriya, kuma tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49 mata sun ninka maza. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma abin ya kai kusan mutum 6 cikin kowane 1,000. Da sauƙi idan an kwatanta da wasu sassa, amma ki lissafa jama'ar da ke cika kasuwar Yelwa ranar cinta, za ki gane cewa ba za a rasa 'yar uwa, ko maƙwabciya, ko abokiyar zama a ciki ba.

Jijiya iri biyu ce

Mu Hausawa kalma ɗaya muke amfani da ita, jijiya, ga abubuwa biyu mabambanta. Akwai jijiyar jini, wadda ake soka wa allura a asibiti. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta laka cikin ƙashin baya ta bazu ko'ina a jiki kamar saiwar gamji. Ita ce ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin cewa kin taka ƙaya, ko ruwan alwala ya yi zafi, ita ce kuma ke dawo da umarni ki ɗage ƙafa. A kan wannan ta biyun muke magana.

Mu mutanen bakin ruwa mun san minjirya, kifin nan da idan ka taɓa shi sai ka ji girgiza ta ratsa hannunka har kafaɗa. Shi ya sa idan mace ta daɗe zaune a kan ƙafarta sai ta ce ƙafa ta yi mata minjirya. Wannan tana wucewa da zarar an miƙe an taka. Wadda muke magana a kai ba ta wucewa. Takan fara daga yatsun ƙafa, kuma ƙafafun biyu a tare. Wata za ta ce tafin ƙafarta na ci kamar ta taka garwashi, wata ta ce kamar ana soka mata allurai, wata kuma ta ce ji take kamar tana tafiya a kan auduga. Abin ya fi tsananta da dare, har zanen rufa ya zama ba ya taɓuwa. A hankali yana hawa zuwa idon sawu, zuwa ƙwauri, daidai inda safa ke rufewa, kuma sai ya kusa kai gwiwa sannan yake taɓa yatsun hannu.

Me ya sa ƙafa ce ke farawa? Ki dubi masu noman albasa a fadamun Yauri da Shanga. Idan aka jawo ruwa daga gulbi ta doguwar hanya, ruwan kuma ya yi ƙaranci, fagen da ya fi nisa shi ke fara bushewa. Jijiyar da ta taso daga ƙugu zuwa babban yatsa ita ce mafi tsawo a jiki, takan kai kusan mita 1 ga babba, kuma abincinta daga can tushe ake aiko mata. Da zarar wahala ta same ta, bakinta na ƙarshe ke fara mutuwa. Shi ya sa ma likitoci suka lura dogayen mutane da masu manyan shekaru sun fi saurin kamuwa.

Ita ƙwayar cutar ba ta shiga cikin jijiyar kai tsaye. Tana samun mafaka ne a cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke kewaye da tushen jijiyar, sai faɗan da ake yi tsakaninta da jiki ya haifar da kumburi na ɓoye, gubar wannan faɗan kuma ta riƙa cin jijiyar kaɗan-kaɗan. Gwargwadon daɗewar da mutum ya yi ba ya shan magani, gwargwadon ɓarnar. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2010, wanda ya duba mutum 1,539 masu ɗauke da cutar, ya samu alamar wannan lalura a jikin kashi 57 cikin 100, kuma da yawansu ba su ma san suna da ita ba domin ba ta yi musu zafi.

Tsohon magani da sabo

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin mata, cewa wai maganin asibiti shi ke kashe ƙafa. Maganar tana da asali, kuma ya dace ki san asalin don kada a ruɗe ki.

Gwamnatin tarayya ta fara shirin raba maganin rage kaifin cutar a 2002, aka mayar da shi kyauta a 2006. A wancan lokacin ƙwayar da aka fi bayarwa, irin su Triomune, tana ɗauke da wani sinadari mai suna sitabudin. Ya ceci rayuka masu yawa, domin shi ne mai arha da ake iya samu, amma yana da illa. Yana kashe ɗan murhun da ke samar wa ƙwayoyin jijiya ƙarfi, yana kuma zuge kitsen fuska har kumatu su lotsa. Saboda haka a ƙarshen 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su janye shi, aka kuwa janye shi a hankali. Maganin da aka koma kansa a Nijeriya tun wajen 2018 zuwa 2019, wanda ake kira TLD, ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma babu sitabudin a cikinta.

Na san wata baiwar Allah cikin matan da nake karantarwa a ajin yamma. Ta yi jinyar yayarta a zamanin tsohon magani, ta ga yadda ƙafafunta suka ƙare. Da ƙaddara ta faɗo kanta ita ma, ta fara shan nata maganin, sai bayan 'yan watanni ta ji tafin ƙafa na zafi. Ba ta gaya wa kowa ba, ta ajiye robar maganin a ƙasan akwati ta koma jiƙe-jiƙe. Zafin bai tafi ba, ga rama, ga zazzaɓi. Da aka matsa mata ta koma asibiti, sai aka gano cewa maganin rigakafin tarin fuka da aka haɗa mata da shi ne ya rage mata wani sinadarin bitamin, aka ba ta ƙaramar ƙwaya ta cike gurbin. Da ta yi magana tun farko, da watanni biyar na wahala ba su same ta ba. Yanzu alhamdu lillahi tana zuwa makaranta da ƙafarta, sai dai yatsunta biyu ba su dawo da ji ba.

Shaidar da ke cikin jini

Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce: shin akwai hanyar da za a gane jijiya ta fara lalacewa tun kafin mai ita ta ji? Ki tuna ɗakin azara. Kafin rufi ya rufto, uwargida mai lura takan ga ɗan garin itace yana zuba a ƙasa kullum da safe idan ta zo shara. Garin nan shi ne shaidar cewa ƙwaro na cin azara daga ciki, ko da ido bai ga komai a sama ba. Irin wannan garin masana ke nema a cikin jini.

Sun kuwa samu. A cikin kowace jijiyar saƙo akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da ita kamar yadda azara ke riƙe da rufi, sunansu niyurofilamen. Idan jijiya ta ji rauni, sai ɓurɓushin zaruruwan ya zubo cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, ɗan kaɗan daga ciki kuma ya tsallaka zuwa jini. Da farko sai an soka allura a gadon baya an ɗebo ruwan laka kafin a auna shi, domin abin da ke isa jini ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Daga baya aka ƙera na'ura mai kaifin gani, har a 2016 masu bincike na jami'ar Gotenbag a ƙasar Suwidin suka nuna cewa ana iya auna shi a jinin masu ɗauke da HIV, kuma abin da jini ya nuna ya yi daidai da abin da ruwan laka ya nuna.

Abin da wannan awo ya bayyana shi ne darasin da nake so ki riƙe. An samu ɓurɓushin ya fi yawa a jikin waɗanda cutar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa har suka fara mantuwa da ruɗewa. An kuma same shi da yawa a jikin waɗanda ba sa shan magani kuma garkuwarsu ta faɗi ƙasa, alhali su ba su ji komai ba, suna ta harkokinsu. Sannan idan mutum ya fara shan magani ƙwayar cutar ta kwanta, sai ɓurɓushin ya riƙa raguwa. Ma'ana ɓarna takan fara shiru, kuma magani na tsayar da ita.

Akwai wasu ma'aunan. Wani sinadari mai suna niyofterin yana nuna yawan kumburin da ke faruwa a ɓoye. Akwai kuma wani gwaji da likitocin jami'ar Jon Hofkin a Amurka suka yi fice da shi, inda ake yanko 'yar fata mai faɗin milimita 3, wato ba ta kai ƙwayar wake ba, daga saman idon sawu, a sa ta a madubin likita a ƙirga bakunan jijiyoyin da suka rage a ciki. Idan sun yi ƙaranci, an tabbatar da lalurar.

Sai dai kada wata ta sayar da akuyarta ta tafi neman waɗannan gwaje-gwaje. Na farko, ba irin waɗanda ake yi a asibitocinmu na yau da kullum ba ne, galibi na ɗakunan bincike ne. Na biyu, garin da kika share a ƙasa yana gaya miki ana cin azara ne kawai, ba ya gaya miki wace azara ce ko wane ƙwaro ne. Niyurofilamen yana ƙaruwa da tsufa, yana ƙaruwa da shanyewar ɓarin jiki, da buguwar kai, da ciwon ƙoda. Ya fi bayar da labarin ƙwaƙwalwa da laka, kuma bai zama ma'aunin da likita ke dogara da shi wajen gane lalurar ƙafa ba.

Shaidar da ke hannunmu

To me ya rage mana, mu da ke Wara, ko Shanga, ko Bin Yauri, ko tungayen masunta da ke gaɓar tafkin Kainji? Ya rage mana abubuwa masu ƙarfi, idan za mu yi amfani da su.

Na farko shi ne awon yawan ƙwayar cutar a jini, wanda ake yi wa mai shan magani bayan wata 6 da farawa, daga baya kuma aƙalla sau ɗaya a shekara. Ki tambayi sakamakonki, haƙƙinki ne. Idan aka ce miki ƙwayar ta kwanta har na'ura ba ta ganinta, to kin toshe babbar ƙofar da ɓarna ke shigowa. Wannan sakamakon kuma shi ne ke kare maigida daga ɗauka, ya kuma rage haɗarin abin da ke cikinki ko bayanki matuƙa. Na biyu shi ne awon CD4, wato adadin sojojin garkuwar jiki. Na mai lafiya yakan kama daga 500 zuwa 1,500. Wadda tata ta taɓa faɗuwa ƙasa da 200 ita ta fi cancanta a riƙa duba ƙafarta. Saboda irin wannan ne tun 2016 Nijeriya ta daina jira sai garkuwa ta faɗi, duk wanda aka samu da cutar ana ɗora shi a kan magani nan take.

Na uku shi ne duba ƙafar kanta, wanda ba ya cin minti biyar kuma ba ya bukatar wutar lantarki. Ma'aikacin lafiya zai tambaye ki ko kina jin zafi, ko suka, ko sagewa, ya ce ki kimanta tsananinsa daga 1 zuwa 10. Zai buga wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora a kan babban yatsanki yana kaɗawa. Mai lafiyar jijiya takan ji kaɗawar fiye da daƙiƙa 10. Zai ɗan buga miki gudumar roba a agara ya ga ko ƙafar za ta motsa da kanta. Wasu kuma suna da wani zaren roba mai kama da na fatsa da suke dangwalawa a tafin ƙafa idonki a rufe. Shi ke nan.

Matsalar ita ce ranar karɓar magani layi yakan yi tsawo, ma'aikata kaɗan ne, ke kuma hankalinki na kan kada jirgin komawa ya tashi ya bar ki, ko kada wani ɗan garinku ya gan ki. Sai a tambaye ki, "Akwai matsala?" ki ce, "Babu." 'Yar uwa, wannan "babu" ita ke kashe ƙafa. Ki cire takalmi da safa, ki ce, "Likita, tafin ƙafata na zafi da dare, wata kaza ke nan." Idan kina jin nauyin namiji, ki nemi ma'aikaciya mace. Ki tafi da duk abin da kike sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a gani. Idan kuma nisa ke wahalar da ke, kamar masu zama a tsibirai da masu bin mazajensu su daga wannan tunga zuwa waccan, ki tambaya a ba ki maganin wata 3 ko 6 a lokaci ɗaya, domin akwai wannan tsarin ga wadda ƙwayar cutarta ta kwanta.

Ba kowace mai zafin ƙafa ba

A nan zan ja kunnenmu. Kada wata ta karanta wannan shafi ta koma gida tana kallon ƙafar kishiyarta. Lalacewar jijiyar ƙafa tana da dalilai da yawa, kuma mafi yawansu a duniya shi ne ciwon sukari. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo ta, musamman ga wadda ba ta samun kifi, nama, hanta, ƙwai ko nono, da wadda ta daɗe tana shan maganin sukari mai suna metfomin. Maganin tarin fuka mai suna aisonayazid yana kawo ta, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6, kuma mai ciki da mai shayarwa sun fi bukatarsa. Kuturta na kawo ta. Shan giya na kawo ta. Hatta rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ya tsumu sosai ba yana kawo ta, kamar yadda Farfesa Osuntokun na jami'ar Ibadan ya nuna tun shekarun 1960 a kudu maso yammacin ƙasar nan.

Wannan yana koya mana abu biyu. Duk mai zafin ƙafa ta je a auna mata sukari da jini, ta kuma yarda a yi mata gwajin HIV don ta san matsayinta. Ita kuma mai ɗauke da cutar kada ta ɗora komai a kanta, mai yiwuwa wani dalili ne na biyu mai sauƙin gyara ya haɗu da ita. Suratul Hujurat ta hane mu da mummunan zato da bin diddigin asirin juna da cin naman 'yar uwa, kuma dokar ƙasa ta 2014 ta haramta nuna wariya ga masu wannan cuta. Mata nawa ne suka same ta a ɗakin aurensu na sunna, ko ta hanyar ƙarin jini, ko askar da ba a tsabtace ba?

Haka kuma mu rage saurin cewa an taka asiri ko an yi jifa. Addu'a da tofi na ayoyin Allah alheri ne, ki yi su dare da rana, amma Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani. Abin da nake roƙonki ki guje masa shi ne tsaga da sakiya da ƙaho a ƙafar da ta sage, domin rauni a irin wannan ƙafa ba ya saurin warkewa.

Kula da ƙafa a gida

Ƙafar da ba ta ji ta rasa mai gadinta, dole idonki ya zama mai gadin. Kowane dare bayan sallar isha'i ki haska fitila ki duba tafin ƙafa, da dunduniya, da tsakanin yatsu. Idan ba kya iya sunkuyawa ki sa madubi a ƙasa, ko 'yarki ta duba miki. Ki duba kafin ki ƙunsa lalle, domin lalle na ɓoye ja da baƙin da ke nuna rauni, kuma kada a ƙunsa a kan ƙafar da ke da ciwo.

Kada ki yi tafiya ba takalmi, ko da a tsakar gida ne. A gidajen masunta akwai ƙugiyoyin mamari da ƙayar kifi a ko'ina, a bakin ruwa akwai fasassun kwalabe. Ki zazzage takalmi kafin ki sa, kuma ki zaɓi mai laushi wanda bai matse ba. Masu bandar kifi su kula da garwashin da ke faɗowa. Lokacin hunturu kada ki miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta ki yi barci.

Babban abin tsoro shi ne ruwan zafi. Ki gwada ruwan alwala da na wanka da gwiwar hannu, kada ki gwada da ƙafa. Iyayenmu masu yi wa mai jego wanka, don Allah ku saurara: idan yarinya ta ce ƙafarta ta sage, to ba za ta ji lokacin da ruwa ke dafa ta ba. A sirka ruwan ya zama mai ɗumi. Bayan wanka ki tsane tsakanin yatsu, ki shafa man kaɗanya a dunduniya don maganin faso, amma ban da tsakanin yatsu. Ki yanke farce a miƙe, kada ki ƙwaƙule gefe da reza.

Game da zafin kuwa, ki sani cewa farasitamol ba ya yi masa wani abin kirki. Masu ƙarfi irin su dikilofenak, idan aka daɗe ana sha tare da maganin HIV, suna iya taɓa ƙoda. Taramol kuwa mun ga abin da ya yi wa 'ya'yanmu. Likitoci suna da magungunan zafin jijiya da ke taimaka wa wasu, wasu kuma ba sa jin sauƙi sai an canza an sake gwadawa, don haka sai da haƙuri. Kada ki sayi bitamin da kanki ki riƙa ɗirka, domin B6 idan ya yi yawa shi ma yana lalata jijiya, kuma masu ɗauke da sinadarin ƙarfe ko na ƙashi suna iya hana maganinki shiga jini idan ba a tsara miki lokacin sha ba. Jijiya tana tohowa, amma a hankali ƙwarai, kimanin milimita 1 a rana idan komai ya yi daidai, wadda ta mutu gaba ɗaya kuma ba lallai ta dawo ba. Shi ya sa wata guda na jinkiri yake da tsada.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: ƙafafu su yi rauni cikin 'yan kwanaki yana hawa sama, ko ɓari ɗaya ya mutu, ko fitsari da bayan gida su ƙi riƙuwa, ko ciwon kai mai tsanani da ruɗewa, ko rauni a ƙafa ya fara wari ko baƙi. Waɗannan a nufi babban asibiti a ranar, ko na Yelwa ko na Birnin Kebbi.

Ta fuskar ibada, addini ya yi miki sauƙi. Idan tsayuwa ta gagara ko kina tsoron faɗuwa, ki yi salla a zaune. Idan akwai rauni da aka ɗaure, ki yi shafa a kan ɗaurin. Idan azumi ya ƙarato, ki zauna da likitanki tun cikin Sha'aban ya tsara miki lokacin shan ƙwayarki da dare. Kada ki ajiye magani don azumi.

Kalma ga maigida

Uwargida, idan da hali ki miƙa wa maigida wannan shafi. Malam, matar da ta kwana tana juyi saboda ƙafa, da safe ta kasa zuwa ɗiban ruwa, ba lalaci ke damunta ba. Ka ba ta izinin zuwa asibiti da kuɗin mota ko na jirgi, in so samu ne ka raka ta, kai ma a duba ka. Idan kai ke ɗauke da cutar, kai ma ƙafarka na cikin wannan haɗari, kuma masunci ko manomin da ƙafarsa ta mutu, gidansa gaba ɗaya ne ya shiga wahala. Ɓoye wa iyali wannan lalura zalunci ne da za a tsaya a kansa gobe ƙiyama. Ku kuma abokan zama da surukai, ɗauke mata surfe ko wanki na kwana biyu sadaka ce, kuma cin abinci a kwano ɗaya da ita ba ya sa a ɗauki komai.

Wataƙila nan gaba awon jinin nan na niyurofilamen ya yi arha ya iso garuruwanmu. Kafin lokacin, ki sha ƙwayarki kullum a kan lokaci, ki nemi sanin sakamakon awonki, ki duba ƙafarki kowane dare, kuma ranar asibiti ki buɗe baki ki faɗi abin da kike ji.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa abin da ya same su ya zama kaffara, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Masu tambaya za su iya aiko da wasiƙunsu ta hannun edita, kuma ba sai kin sa sunanki ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.